Kada Tsohuwar Kwamfuta Ta Zaɓa Wa Gida Kwaɗo

A wannan fitowa zan soma ne da abin da ya faru a gidanmu, domin ban ga dalilin da zai sa in riƙa leƙen katangar mutane ba, alhali tawa ce ta fara zubewa.

Bayan babbar sallar bara, sai muka lura forfen intanet da muke saye na wata guda ba ya kai mu ko kwana goma sha biyu. Da farko kowa ya ɗora laifin a kan yara: wannan ya ce kallon ƙwallo ne, wancan ya ce fina-finai ne. Aka yi faɗa, aka riƙa karɓe wayoyi bayan isha'i, amma ba ta sake zani ba. Wani dare ina dawowa gida sai na tarar da samari huɗu a gindin katangarmu ta baya, wurin da babu benci, babu mai shayi, kowa ya duƙufa a kan wayarsa. Na yi masu sallama, suka amsa cikin ladabi. Da shigata na buɗe shafin akwatin intanet ɗinmu, wato abin nan da masu gyara suke kira modam ko ruta, na duba jerin na'urorin da suke haɗe da shi. Na ƙirga 19. Namu na gida kuwa, wayoyi da kwamfutoci duka, 8 ne.

Nan take na sake kalmar sirri, na kwanta ina ganin na gama aiki. Mako bai zagayo ba baƙi suka dawo cikin jerin. A nan ne na zauna na bi shafin layi-layi, har na iso wurin da aka rubuta irin kullen da akwatin yake amfani da shi, na ga haruffa uku: WEP. Sai na tuna.

Mahaifina yana da wata tsohuwar kwamfuta ta ɗauka-a-hannu, wadda wani almajirinsa ya kawo masa tsaraba daga Kwatano a 2006, kuma tun a lokacin ta hannu ce. Windows XP ke cikinta. A ciki Malam yake ajiye darussansa, da sunayen waɗanda ya ɗaura wa aure, da hotunan takardun ajami na kakanmu da muka ɗauka shafi-shafi saboda gara. Ranar da aka kawo akwatin, duk wayoyin gida suka kama, ita kaɗai ta ƙi. Muka kira mai gyara, ya yi ƴan danne-danne na rubu'in awa, ta kama, muka biya shi muka haɗa da godiya. Abin da ya yi shi ne, ya cire kwaɗon zamani da akwatin ya zo da shi, ya maƙala wa gidan duka tsohon kwaɗon da ita kwamfutar ta sani. Ban ga laifinsa sosai ba. Cewa muka yi ya sa ta kama, ya kuwa sa ta kama. Ba wanda ya tambaye shi da me aka saya.

Domin a fahimci girman abin, sai mai karatu ya tuna cewa wifi rediyo ne. Akwatin yana watsa saƙo ta iska, wayarka tana mayar masa da amsa ta iska, ita kuwa iska ba ta san iyakar gida ba. Duk wanda yake bayan katanga da na'urar da ta dace yana iya sauraron abin da ke wucewa. Abin da ya hana shi fahimta shi ne kullen da ake yi wa saƙon, a cuɗanya shi ya zama ba mai iya warware shi sai wanda ya riƙe makulli. To, irin wannan kulle hawa-hawa ne, kuma kowane yana da zamaninsa.

Na farkonsu shi ne WEP, wanda ya zo tare da ƙa'idar wifi ta farko a 1997. A 2001 wasu masana uku, Fluhrer da Mantin da Shamir, suka nuna cewa akwai ɓaraka a cikin lissafinsa: wanda ya saurari saƙonni masu yawa zai iya gano makullin da kansa, ba sai an gaya masa ba. A 2007 masu bincike a jami'ar Darmstadt ta Jamus suka rage aikin ya koma ƙasa da minti ɗaya. A wannan shekarar ce kuma kamfanin kantuna na TJX a Amurka ya bayyana cewa an sace masa bayanan katunan banki fiye da miliyan 45, kuma rahotannin bincike sun nuna ɓarayin sun fara kutsawa ne ta wifin wani kantinsa mai amfani da WEP, suna zaune a waje. Wannan shi ya sa sake kalmar sirri da na yi bai tsinana komai ba. Ko da kullum safiya zan sake ta, kwaɗon ne da kansa yake miƙa makulli ga mai haƙurin saurare.

A 2003 aka fito da WPA a matsayin maganin gaggawa, mai amfani da wani tsari da ake kira TKIP, domin tsofaffin na'urori su samu abin riƙewa kafin a gama na ainihi. Na ainihin shi ne WPA2, wanda ya zo a 2004 da kulle mai ƙarfi da ake kira AES, kuma daga 2006 ya zama wajibi ga duk sabuwar na'urar da za ta ɗauki tambarin wifi. A 2018 aka ƙaro WPA3. Abin lura a nan shi ne, kullen da aka saka wa sunan wifi ɗaya ya shafi duk na'urorin da ke kansa. Idan aka sassauta shi saboda na'ura guda, to an sassauta wa kowa, har da sabuwar wayar da aka sayo jiya. Akwai ma wata asara ta gefe da mutane ba su cika sani ba: muddin akwati yana kan WEP ko TKIP, gudunsa ba ya wuce megabit 54 a daƙiƙa, komai sabuntarsa. Ka biya kuɗin doki, ana ba ka tafiyar jaki.

Ba na son in tsorata kowa fiye da kima. Yawancin shafukan banki da manhajojin aika saƙo irin su WhatsApp suna da nasu kullen na daban, saboda haka wanda ya shigo wifinka ba wai nan take zai karanta hirarka ko ya kwashe kuɗinka ba. Amma ya riga ya shigo tsakar gida. Yana iya ganin na'urorin da ke ciki, ya ƙwanƙwasa ƙofar kowace, ya buɗe wadda ba ta da sakata: babban fayil ɗin da aka bari a buɗe domin musayar hotunan biki, na'urar buga takarda, kyamarar da aka kafa a ƙofar gida. Hotunan matan gida da takardun fili ba abin da za a bar wa mai wucewa ba ne. Sannan layin da sunan maigida aka yi masa rajista. In baƙo ya yi zamba ko ya watsa ƙazafi ta wannan layi, sawun da za a fara bi ƙofar maigida zai kawo, kuma a Nijar tun 2019 akwai dokar hukunta laifuffukan intanet. Kafin mutum ya wanke kansa ya sha zirga-zirga.

Wannan rabin matsalar ke nan. Ɗaya rabin yana jikin tsohuwar kwamfutar kanta. Kowace manhaja tana da ramuka da ake ganowa a hankali, kamfanin da ya yi ta kuma yana aiko da faci yana toshewa, kamar yadda mai faci yake yi wa taya. Ranar da kamfani ya ce ya daina, ramukan da za a gano daga baya haka za su zauna. Microsoft ya daina kula da Windows XP ranar 8 ga Afrilu 2014, ya daina kula da Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020, Windows 10 ma wa'adinta na yau da kullum ya cika ranar 14 ga Oktoba 2025. Kwamfutocin da suka cika gidajenmu da ofisoshin makarantunmu, waɗanda ake shigowa da su na hannu daga Turai, da yawansu a cikin waɗannan uku suke.

Wanda yake ganin zancen faci wasa ne, ya tuna da 12 ga Mayu 2017. A ranar wata ƙwayar cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta ɓarke, cikin ƴan kwanaki ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150, tana kulle fayilolin mutane tana neman kuɗin fansa. Asibitoci a Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida, kamfanin motoci na Renault ya tsayar da aiki a wasu masana'antunsa. Ba sai mutum ya danna komai ba: ta wata tsohuwar ƙofar musayar fayiloli ta Windows take bi, daga kwamfuta zuwa ta kusa da ita. Facin wannan rami ya fito tun watan Maris na shekarar, waɗanda ba su saka shi ba su ne suka kwana ciki. A shekarar dai, cikin Oktoba, wani mai bincike a jami'ar Leuven ta Beljiyam, Mathy Vanhoef, ya nuna wata ɓaraka a cikin WPA2 kansa. Na'urorin da ake kula da su suka samu gyara, waɗanda aka yi watsi da su ba su samu ba. Saboda haka tsohuwar kwamfuta a cikin wifin gida tana da haɗari ta fuska biyu: ita ce mafi sauƙin kamuwa, kuma in ta kamu tana zaune ɗaki ɗaya da sauran.

To, mene ne abin yi? A fara da akwatin. A juya shi, a bayansa ko ƙarƙashinsa akwai ƴar takarda mai adireshin shafinsa, galibi 192.168.1.1 ko 192.168.0.1 ko 192.168.8.1. A rubuta wannan a burauza, shafi zai buɗe ya nemi suna da kalmar sirri. A kula, wannan kalma daban take da ta wifi: ita ce ta mai mulkin akwatin, kuma a akwatuna da yawa admin ce sunan, admin ce kalmar, duniya duka ta sani. A 2016 wata ƙwayar cuta mai suna Mirai ta mallake dubban ɗaruruwan kyamarori da akwatunan intanet ba da wata dabara ba, illa gwada kalmomin sirri kusan 60 da masana'antu suke sakawa. Wannan ita za a fara sakewa. Daga nan a je sashen tsaro, inda akan rubuta Sécurité, a zaɓi WPA2 tare da AES, ko WPA3 in duk na'urorin gida sun san shi. Ƙasa da WPA2 kada a sauka, ko don wa.

A shafin dai za a ga wani abu da ake kira WPS. An yi shi ne domin sauƙi, a haɗa na'ura da lamba 8 maimakon kalmar sirri. A Disamba 2011 wani ɗalibi ɗan Austiriya, Stefan Viehböck, ya nuna cewa akwatin yana duba lambar ne rabi-rabi, kuma ta ƙarshen lissafa ta ake yi daga sauran, saboda haka maimakon gwaji miliyan 100, gwaji 11,000 ya isa. Aikin ƴan awoyi ke nan, kuma akwai manhajojin waya da suke gwada sanannun lambobi. Namu a kunne na same shi. A kashe shi. In akwai wurin sabunta manhajar akwatin, inda aka rubuta Mise à jour, a danna. In akwai izinin sarrafa shi daga nesa, a rufe.

Sai kalmar sirrin wifi. Ƙa'ida ta yarda da harafi 8 zuwa 63, mu kuwa da yake lambar waya a Nijar 8 ce cif, sai kowa ya saka lambarsa. Ban da cewa rabin unguwa suna da lambar maigida, wanda ya naɗi gaisuwar da waya take yi da akwati lokacin haɗuwa zai iya komawa ɗakinsa ya sa kwamfuta mai ƙarfi ta yi ta gwaji, dubban ɗaruruwa a daƙiƙa, lamba 8 ba ta ɗaukar ta fiye da ƴan mintoci. Abin da ya fi shi ne a jera kalmomi huɗu ko biyar da ba su da dangantaka da juna, misali rakumi-tulu-asabar-gishiri-47, amma kada a ɗauki wannan tunda ga ta a takarda. Kada a saka karin magana ko sunan ɗa ko shekarar haihuwa. Kuma a guji haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, da na Faransanci masu alama a ka, domin ba kowace na'ura ce take karɓarsu ba. A kuma ja kunnen yara: wayoyin yanzu suna nuna wani ɗan hoto mai murabba'i wanda aboki zai ɗauka ya samu kalmar, sannan wasu manhajojin da suke alkawarin wifi kyauta kalmomin da ke cikin wayar mai su suke kwashewa su raba wa jama'a.

Yanzu mu dawo kan tsohuwa. Tambayar farko, wadda ya kamata mu yi tun ranar da muka kira mai gyara, ita ce: shin tana bukatar intanet kuwa? Kwamfutar da aikinta rubutu ne da ajiya da buga takarda za ta yi shekaru tana yi ba tare da ta taɓa leƙa waje ba, kuma babu kullen da ya kai wannan. Abin da za a kiyaye shi ne kile ta USB, wadda ƴan'uwanmu na Najeriya suke kira filashi: kada a ɗauko wadda ta zaga shagunan buga takardu a soka mata.

In kuwa dole sai ta shiga, to ita za a ɗaga, ba gidan za a sauke ba. Sau da yawa ba kwamfutar ce ta kasa ba, ɗan katin wifin da ke cikinta ne ya tsufa, ko manhajar ce ba a cika ta ba. Windows XP ta san WPA2 in an saka mata kunshin gyara na uku, SP3, wanda ya fito a 2008. Akwai kuma ƴar na'urar wifi ta USB, ba ta kai babban yatsa ba, da ake sokawa a gefe ta maye gurbin tsohon katin, sai dai a tabbata kafin a biya cewa tana aiki da irin Windows ɗin da ke ciki. Mafi sauƙi duka shi ne igiya: a ja wayar intanet daga bayan akwatin zuwa kwamfutar, zancen kwaɗo ya ƙare. Amma fa waɗannan duka matsalar kwaɗo suka warware, ba su toshe ramukan da ke jikinta ba.

Maganin wannan kakanninmu sun riga mu saninsa da suka gina zaure. Baƙo yana da haƙƙin a ba shi tabarma da ruwa, amma iyakarsa zaure, ba ya zarcewa cikin gida. Akwatuna da yawa suna da irin wannan, ana rubuta shi Réseau invité ko Wi-Fi invité: suna na biyu, da kalmar sirri ta daban, wanda yake kai mutum intanet amma ba ya barinsa ya ga na'urorin cikin gida. A kunna shi, shi ma a kan WPA2, a tabbata an cire alamar da take ba baƙi izinin shiga cibiyar gida, sannan a zaunar da tsohuwar kwamfuta a can, tare da tsohuwar wayar da yara suke wasa da ita da baƙin da suka zo suna. Ko a zauren ma, kada a buɗe imel ko asusun kuɗi da ita, domin burauzar Chrome ta daina sabuntuwa a kan XP tun 2016. Wanda kuma yake da ɗan'uwa mai sani, ana iya sauke Windows ɗin gaba ɗaya a saka Linux mara nauyi, wadda ake ci gaba da yi wa faci kyauta. Akwai ma wata mai suna Emmabuntüs da aka tsara a Faransa musamman domin farfaɗo da tsofaffin kwamfutoci, kuma tana magana da Faransanci. Sai an kwashe fayiloli tukuna kafin a taɓa wannan.

Akwai dabaru biyu da masu gyara suke son sayar wa mutane, ina ganin ɓata lokaci ne. Ɗaya ɓoye sunan wifi, ɗaya kuma rubuta lambar jikin kowace na'ura, wadda ake kira MAC, a ce su kaɗai za su shiga. Sunan da aka ɓoye yana bayyana da zarar wayar gida ta kira shi, lambar jiki kuwa a fili take yawo cikin iska, ana iya aronta. Za su hana yaro mai gwada sa'a, ba za su hana wanda ya iya fasa WEP ba, kuma wahalarsu a kan mutanen gida take ƙarewa duk ranar da aka sayi sabuwar waya.

Da na je wa Malam da bayani, na yi tsammanin zai ji nauyin a raba kwamfutarsa da intanet. Sai ya tambaye ni, “Kai, me take ɗaukowa a can ɗin?” Na ce, “Malam, gaskiya ba komai, sai in za ka aika takarda.” Ya ce, “To, wannan ai ƙanenka yana yi mini da waya.” Muka kashe ɗan maɓallin wifin da ke gefenta, na kwafe darussan da hotunan takardun kakanmu a kile biyu sababbi, ɗaya tana cikin akwatin littattafansa, ɗaya na aika wa yayana a Tawa. Sai ya ƙara da cewa cikin samarin nan akwai ƴan lakwal da suke shirin jarrabawa, kada in rufe masu ƙofa gaba ɗaya. Na buɗe zauren, na ba biyu daga cikinsu kalmar baki da baki, da sharaɗin zan riƙa sake ta kowane farkon wata. Jerin cikin gida ya koma 7, forfen watan da ya biyo baya kuwa ya kai mu kwana 27.